Baba ya dawo gida ba ya magana: wa za mu ɗauka ya riƙa zuwa duba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Pantami muke, cikin garin Gombe. Mahaifinmu mai shekara 67 ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama sati biyar da suka wuce. An sallame mu daga asibiti, ana yi masa gashi, ƙafar ta fara motsi, amma magana ba ta dawo ba. Kalma biyu zuwa uku kawai yake maimaitawa, kuma ruwa yana yawan sarƙe shi. Kai shi asibiti kullum yana yi mana wuya. Mutum biyu sun ce za su riƙa zuwa gida suna gyara masa magana, ɗayan ya ce a wata ɗaya bakin zai buɗe. Yaya za mu gane wanda ya san aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Gyaran magana da haɗiya shi ne aikina, a asibiti da gidajen mutane, don haka zan ba ki amsa yadda zan ba ƙanwata.

Kin ambaci sarƙewa a tsakiyar bayaninki kamar ƙaramin abu ne. Ni da ita zan fara, don ta fi rashin maganar tayar mini da hankali. Rashin magana yana ƙona rai, amma ba ya kai mutum kushewa. Ruwan da ya saki hanya ya bi ta huhu yana iya kaiwa. Duk lokacin da muka haɗiyi ko da yawu ne, akwai tsokoki da wani ɗan murfi a maƙogwaro da suke rufe hanyar numfashi cikin ƙiftawar ido. Shanyewar ɓarin jiki takan raunana su, ko ta sa su jinkiri. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko. Mafi yawansu tana warwarewa cikin 'yan makonni, amma wanda ya kai sati biyar ruwa yana sarƙe shi, ba a zuba masa ido. Wani ma ko tari ba ya yi, ruwan ya sulale cikin huhu shiru, sai bayan kwana biyu jiki ya yi zafi, numfashi ya koma sama-sama, a sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali namoniya ce, wato ciwon huhu.

Don haka ranar da mutumin ya fara zuwa, ki lura ko zai tambayi yadda Baba yake ci da sha. Wanda ya koyi aikin da gaske ya san magana da haɗiya duk nasa ne. Zai nemi takardar sallama da magungunan da ake sha. Zai ce a tayar da Baba zaune sosai, a tokare bayansa da matashi, ba kishingiɗe ba. Zai haska tocila a bakinsa ya duba ko akwai ragowar tuwo maƙale a kumatun da ya saki, ya ce ya fito da harshe, ya yi tari, ya ja “aaa”. Sannan ya ba shi ruwa cokalin shayi ɗaya tak, yatsunsa a wuyan Baba yana jin ko zakaran wuya ya hau ya sauka a kan lokaci, ya sake cewa ya ja “aaa”, yana saurare ko muryar ta jiƙe kamar ta mai kurkurar maƙogwaro. Idan kuwa mutum ya shigo ya buɗe littafin hotuna ya fara “ce ƙwallo, ce mota”, bai tambayi ko da me Baba ya karya ba, ki biya shi kuɗin motarsa ki sallame shi cikin mutunci.

Dole kuma ya san abincinmu. Mutane suna mamaki idan na ce ruwa zalla ya fi tuwo wuyar haɗiya ga irin su Baba, amma haka ne: ruwa gudu yake yi, yakan riga murfin rufewa. Abin da ya fi ba mu wahala a Gombe shi ne furar da ba a dama ta ta yi lilis ba, nonon ya wuce da gudu, gayan ya tsaya. Haka dambu, da garin kwaki, da gyaɗa, da kilishi, duk abin da yake warwatsewa a baki. Kunu mai kauri, ko tuwo mai laushi da miyar kuka, sukan fi sauƙi. Amma kada ku ɗauki wannan bayanin nawa ku hana shi ruwa ku koma kunu zalla. Wani kaurin ne yake tsaya masa a wuya, kuma a zafin Maris da Afrilu, tsohon da ba ya samun isasshen ruwa ƙodarsa ce za ta ji jiki. Aikin wanda kuka ɗauka ne ya gwada, ya dama a gabanku, ku ga yadda kaurin da ya dace yake zuba daga cokali. In ya ga babu abin da yake wucewa lafiya, ya mayar da ku wurin likita a sa robar hanci. Iyalai suna tsoron robar nan, suna ganin alamar ƙarshe ce. Ba haka ba ne, da yawa ana cire musu ita idan haɗiya ta dawo.

Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita na dogara. Amma rubutu da zamzam da ruwan tofi, a maƙogwaro duk ruwa ne, hanyar da ruwan randa ya bi ita za su bi. A bi da su yadda aka tsara sauran abin sha, kuma kada a ɗura masa komai yana kwance ko yana gyangyaɗi. Bayan ya ci, ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta, a wanke masa baki safe da dare. Ƙwayar hawan jini ma kada ku daka ku zuba a kunu sai kun tambayi likita. Akwai irin su wani nau'in nifedifin da aka yi don ya narke a hankali cikin yini, idan aka daka shi ƙarfinsa duka yake fita lokaci ɗaya.

Yanzu maganar kanta. “Ba ya magana” ba ciwo ɗaya ba ne, kuma ya kamata mutumin ya iya gaya muku wanne ne a jikin Baba, da Hausar da za ku gane. Akwai wanda kalmomi suna nan daram a kansa, leɓe da harshe ne suka yi nauyi, magana tana fita a dagule. In ka ba shi biro zai rubuta abin da yake so. Akwai wanda tsara motsin baki ne ya rikice masa, yana lalube, ya faɗi kalma daidai yanzu, an jima ta gagare shi. Akwai kuma wanda kalmomin ne suka ɓace masa, abin da ake kira afeziya, wadda take samun kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo. A wurin yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi yake juya ɓarin dama na jiki. Shi ya sa da kika ce dama ce, kuma kalma biyu zuwa uku yake maimaitawa, hankalina ya fi karkata can, ko da yake sai an gwada shi ido da ido. Bambancin yana da muhimmanci don shi yake raba aiki. Mai nauyin harshe ana yi masa aikin numfashi da fitar da sauti ɗaya bayan ɗaya. Mai afeziya kuwa ko zai shekara yana murɗa harshe gaban madubi, kalmar “ruwa” ba ta nan za ta dawo ba, don ba a harshe ta ɓace ba.

Akwai wani dattijo da na riƙa zuwa gidansa a nan cikin gari. Ranar farko na tarar 'ya'yansa sun kasu biyu, wasu na cewa fushi yake yi da su, wasu na cewa iska ce. Hujjarsu ɗaya: ba ya iya kiran sunan matarsa da suka shekara 40 tare, amma da an tayar da sallar magariba a masallacin ƙofar gida, sai a ji shi yana bin Fatiha daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ba fushi ba ne, ba iska ba ce. Abin da baki ya saba maimaitawa tun yarinta, irin su Fatiha da salati da ƙirga da gaisuwa, yakan tsira ko da sauran magana ta tafi, domin a jere yake fitowa, ba sai an nemo kalma ɗaya-ɗaya ba. Da shi muka fara. In ce “ina kwana”, ya ce “lafiya lau”. Na ce “komai nisan jifa”, na yi shiru, sai ya ƙarasa “ƙasa zai faɗo”, ya dube ni yana mamakin bakinsa. Daga karin magana muka gangaro zuwa “ana shan shayi da…”, ya ce “burodi”. Sunan matarsa sai da ya kai mu sati bakwai. Ranar da ya faɗe shi tana bakin murhu, ba ta juyo ba, sai ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Kin ga ke nan wanda ba ya jin Hausa ba zai iya wannan aikin da Baba ba, komai yawan takardunsa. Hausa tana raba “kafa” da “ƙafa”, “bata” da “ɓata”, kuma kuka ta miya da kuka na hawaye hawa da saukar murya ne kawai tsakaninsu. Kunnen da bai saba ba, ba zai ji inda kuskuren yake ba. Ko mai jin Hausar ma, ya san ta yankin nan. A Bauchi da Gombe mutum yakan ce “motan shi”, “rigan shi”, haka ya tashi yana faɗa. Baƙon da ya zo da Hausar littafi zai ɗauka ciwon ne, ya ɓata sati biyu yana gyaran abin da bai lalace ba. Ki kuma lissafa masa duk yarukan da Baba yake ji. A Gombe da wuya a sami dattijo mai yare ɗaya, ga Fulatanci, ga Tangale, ga Tera, ga Waja, ga Bolanci. Wani yaren da ya sha a nono ne yake fara dawowa, Hausar kasuwa ta biyo baya, wani kuma akasin haka.

Sai takarda. Akwai hukumar gwamnatin tarayya da ake kira MRTB, wadda aka kafa da doka a 1988. Ita take yi wa masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da masu auna ji rajista, tana ba su lasisin da ake sabuntawa kowace shekara. Ki nemi ganin lasisin, ki duba shekararsa da fannin da aka rubuta. Ba rashin kunya ba ne, mai shi ba ya jin haushin a tambaye shi. Na ce fanni ne saboda mai yi wa Baba gashi yana iya zama gwani a hannu da ƙafa, amma hakan bai mai da shi mai gyaran magana ba. Sannan da yawa daga cikin masu sana'ar a ƙasar nan ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman suka biyo, kamar na Jami'ar Ibadan, wasu kuma duk aikinsu da yara ne masu jinkirin magana. Aiki ne mai daraja, amma dabam yake da na tsoho mai shanyewar jiki. Ki tambaye shi kai tsaye a wane asibiti ya yi aiki da manya, kuma ko ya taɓa riƙe masu matsalar haɗiya.

Masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a Najeriya, yawancinsu kuma suna Legas, Ibadan da Abuja, shi ya sa kowa yake samun damar kiran kansa da sunan. Hanya mafi aminci ita ce ta asibiti. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ki tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, da sashen gashi, su faɗa miki wanda suke tura majinyatansu wurinsa. In ba a dace ba, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, tafiyar kamar kilomita 150, ga Jos a gaba. Akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, SPAAN. Idan wanda ya cancanta yana nesa, gara ku kai Baba a duba haɗiyarsa ido da ido, aikin kalmomi kuma a riƙa yi ta kiran bidiyo a WhatsApp, ɗayanku yana zaune kusa da shi. Ya fi a ɗauki na kusa wanda bai san aikin ba.

Shi kuwa mai cewa wata ɗaya, wannan cika bakin kaɗai ya isa ki yi hattara da shi. Babu wanda ya isa ya yanka wa ƙwaƙwalwa rana. Abin da aka sani shi ne sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, yana ci gaba zuwa wata shida, daga nan ya rage gudu amma ba ya tsayawa. Wani magana takan dawo masa kusan duka, wani rabi, wani kuma sai an koya masa isar da saƙo da nuni da hoto da rubutu. Mai gaskiya zai faɗa muku haka tun ranar farko. Illar mai alkawari ita ce a cikin watannin nan masu tsada yake cinye muku lokaci, sauƙin da jiki ya samu da kansa kuma ya ce aikinsa ne. Haka duk wanda ya zo da maganin sha na “buɗe baki”, ko ya ce a kira wanzami a cire beli ko a yanke linzami. Kada ku bari a sa aska a bakin Baba. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kuma wataƙila yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, jinin zai yi wuyar tsayawa.

Gyaran magana yana aiki, ba zato ba ne. A 2016 an tattara gwaje-gwaje 57 da aka yi kan mutum 3,002 masu afeziya, aka ga waɗanda aka yi wa aikin sun fi waɗanda ba a yi wa ba a magana da karatu da rubutu. Wani nazari na 2022 ya nuna an fi cin riba idan aikin ya kai awa 20 zuwa 50 a jimlace, ana yin sa kwana 3 zuwa 5 a sati, tare da aikin gida da aka tsara. To, gida nawa ne a Pantami za su iya biyan mutum ya zo sau biyar a sati har wata uku? A nan abin da na fi so ki riƙe yake. Wanda za ku ɗauka ya zama mai koya muku, ba mai rufe ƙofa ya ce kowa ya fita ba. In sau biyu yake zuwa, sauran kwana biyar a hannunku suke. Ku ware mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa zama duk zuwansa. Ku ajiye littafin rubutu a ɗakin, ya rubuta abin da aka yi yau da abin da za ku yi kafin ya dawo, minti 15 zuwa 20, bayan karin kumallo da bayan la'asar. Ya nuna muku, ku yi a gabansa, ya gyara muku. Kalmomin kuma su zama na rayuwar Baba: sunayen jikokinsa, buta, carbi, bayi, rediyo, gona. Na fi son hotunan iyali da ke cikin waya a kan littafin 'yan firamare. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, idan aka ajiye masa hoton mage ana cewa ya maimaita, wulaƙanci yake ji, sai ya juya fuska bango, a ce ya ƙi ba da haɗin kai.

Batun kuɗi ku gama shi tun farko, a fili: nawa ne kowane zuwa, minti nawa zai yi, kuɗin mota yana ciki ko dabam. Ku biya sati-sati, kada ku zube na wata uku gaba ɗaya. Ku sa buri ƙanana da ido zai gani, kamar Baba ya iya neman bayi, ya kira mutum biyar na gida da suna, ya shanye kofin kunu ba tari. Bayan sati 4 zuwa 6 ku duba littafin tare. In babu abin da ya motsa, shi kuma bai sauya dabara ba, ku nemi wani.

Ki lura da yadda mutumin yake shigowa ɗakin. Yana rusunawa ya gaida Baba da kansa, ko ku yake tambaya “yaya jikin nasa” Baba yana zaune kamar ba ya wurin? Afeziya ba taɓin hankali ba ce, ba kuma komawa yarinta ba ce. Bayan zuwan farko ki zauna gabansa ki ce “Baba, kana so ya dawo?”, ki ba shi lokaci, ki karanci fuskarsa. Kuma mai gyaran kirki zai taya ku magana da masu dubiya. Dubiya sunna ce, ba mai hanawa. Amma abin da nake gani a gidaje yana sosa mini rai: mutum goma a ɗaki, kowa ya sunkuyo yana cewa “Alhaji, ka gane ni? Faɗi sunana.” Ya gane shi sarai. Sunan ne ya ƙi fitowa, an kuma tona masa asiri gaban jama'a, bayan an watse sai ya ƙi cin abinci. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa ciwon damuwa, masu afeziya sun ma fi haka. A riƙa shiga bibbiyu, mai shiga ya faɗi sunansa da kansa, ya ba shi labarin gari, ya yi addu'a ya fita. In kun ga ya daina sha'awar komai, yana yawan kuka, ku faɗa wa likitansa, akwai magani.

Kada satin nan ya wuce ba a duba haɗiyar Baba ba. Ki haɗa takardar sallama, da hoton ƙwaƙwalwa in an yi, da kwalayen magunguna, da tabarau da haƙoran roba idan yana sa su, ki kuma ɗauki ɗan bidiyonsa yana ƙoƙarin magana. Kafin nan, a riƙa ba shi abin sha da cokali, a zaune, kaɗan-kaɗan, ba hira lokacin ci. Idan jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi sauri, ko ya kasa haɗiyar yawunsa, ko baki ya ƙara karkacewa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, wannan ya wuce na mai zuwa gida. Ku sa shi a mota zuwa sashen gaggawa a lokacin, ko tsakar dare ne. Allah Ya tashi kafaɗunsa.